Mai Shari'a Muhammadu Bello: Ɗan Muftin Katsina da ya fara zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga Arewa

Duk wanda ya saba bin hanyar filin jirgin saman Abuja daga cikin birni, da wuya a ce bai taɓa wucewa ta gaban harabar Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa ba. Sunan Muhammadu Bello aka raɗa wa wannan haraba, kuma a can ne alƙalan ƙasar nan, tun daga na ƙananan kotuna har zuwa na Kotun Ƙoli, suke taruwa lokaci-lokaci domin ƙara wa juna sani. Amma da mutum zai fita daga cikin lauyoyi da alƙalai ya tambayi matasan yau ko wane ne mai wannan suna, da dama daga cikinsu za su ɗauka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ake nufi.

Mai sunan kuwa Bakatsine ne, lauya kuma ma'aikacin gwamnati, wanda ya shafe kusan shekara 40 yana aikin shari'a. Ya fara ne a matsayin ƙaramin lauyan gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna, ya kuma ajiye aiki yana kan kujera mafi girma a fannin shari'ar ƙasar nan. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, muƙamin da ya riƙe daga shekarar 1987 zuwa 1995. Allah Ya yi masa rasuwa a ƙasar Jamus ranar 4 ga watan Nuwamban 2004.

Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a waiwaye shi ya wuce batun zama na farko. Tun daga ranar da ya hau kujerar har ranar da ya sauka, Najeriya ba ta ga zaɓaɓɓen shugaban ƙasa a kan mulki ba. Saboda haka tambayar da ta dabaibaye shekarunsa na ƙarshe a aiki ita ce: me alƙali zai iya yi a ƙasar da mai bindiga ne ke rubuta doka, kuma shi ne ke naɗa alƙalin?

Haihuwa da tasowa

An haifi Muhammadu Bello a birnin Katsina a shekarar 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Mahaifinsa, Malam Muhammadu Gidado, shi ne Muftin Katsina. A tsarin shari'ar Arewa na wancan lokaci, mufti malami ne masanin fiƙihu wanda ke zama tare da alƙali, yana taimaka masa wajen lalubo hukuncin mas'ala daga littattafan mazhabar Malikiyya. Ke nan yaron ya buɗe ido ne a gidan da maganar mai ƙara da wanda ake ƙara, da shaidu da rantsuwa, da rabon gado da iyakar gona, ba baƙon zance ba ne.

Garin da ya tashi a cikinsa shi ma yana da nasa tarihin. Katsina ta yi suna wajen ilimi tun zamanin waliyyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, hasumiyar Gobarau kuma tana tsaye tana ba da shaida. A wannan gari ne kuma Turawan mulkin mallaka suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran mutanen da suka jagoranci Arewa daga baya. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, lokacin Muhammadu Bello yana yaro, amma ta bar wa garin al'adar karɓar boko ba tare da watsi da karatun zaure ba. Kamar sauran 'ya'yan gidajen malamai, da allo ake fara wa yaro. Daga nan ya shiga makarantar elemantare, sannan ya wuce makarantar Midil ta Katsina.

Lokacin da Arewa ba ta da lauya

Mai karatu na yau zai yi mamakin jin cewa har farkon shekarun 1950 babu ɗan Arewa ko ɗaya da ya zama lauya, alhali Legas ta samu lauyanta na farko, Christopher Sapara Williams, tun a 1879. Dalilin a fili yake. Kusan duk shari'un talakawan Arewa a kotunan alƙalai da majalisun sarakuna ake yin su, a ƙarƙashin En'e, kuma doka ba ta yarda lauya ya tsaya a waɗannan kotuna ba. 'Yan kotunan da ake bin dokar Ingila a cikinsu kuwa, Turawa ne alƙalansu, lauyoyin da ke bayyana a gabansu kuma daga Kudu suke zuwa.

Al'amura sun fara sauyawa da tsarin mulkin 1954, wanda ya mayar da Najeriya tarayya, ya ba kowace jiha ikon kafa Babbar Kotunta da ma'aikatar shari'arta. Shugabannin Arewa suka ga cewa mulkin kai na tafe, amma ba su da 'ya'yansu da za su zauna a waɗannan kujeru. Manufar Sardauna ta cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa ba za ta yiwu a ɓangaren shari'a ba sai an samu masu takardar lauya. Shi ya sa a waɗannan shekaru hukumomin Arewa suka zaɓi wasu 'yan samari suka ɗauki nauyin karatunsu, Muhammadu Bello na cikinsu.

Hanyar tana da tsawo. A wancan zamani babu makarantar horar da lauyoyi a Najeriya, domin sai a 1963 aka buɗe ta a Legas. Dole mai son zama lauya ya tafi Ingila, kuma kafin a karɓe shi sai ya nuna ya san harshen Latin, wanda yawancin ƙa'idojin dokar Turawa ke ɗauke da kalmominsa. Don haka ɗan Muftin Katsina, wanda ya tashi cikin Hausa da Larabci, ya ƙara da Ingilishi a makaranta, sai ga shi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan yana koyon Latin. Wani Bakatsinen ma, Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma Galadiman Katsina, wannan hanya ya bi. Daga Ibadan sai Landan, inda Muhammadu Bello ya shiga Lincoln's Inn, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyi huɗu da ke da ikon ba mutum izinin aikin lauya a Ingila. Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilorin ne ya riga kowa a Arewa samun wannan izini a 1955, su Bello da Mamman Nasir kuma suna cikin rukunin farko da suka biyo sawu.

Lauyan gwamnati a zamanin sauyi

A 1956 ya fara aiki a matsayin lauyan gwamnati a ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa. Ya iso ne a daidai lokacin da ake shirin yi wa tsarin shari'ar Arewa garambawul mafi girma tun bayan zuwan Turawa.

Matsalar ta daɗe tana cin tuwo a ƙwarya. Kotunan alƙalai suna hukunta manyan laifuffuka, har da kisan kai, bisa fiƙihun Malikiyya, su kuma kotunan Turawa suna aiki da wani kundi dabam. A 1947, a shari'ar wani mutum mai suna Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun sarki ta yanke, bisa hujjar cewa a kundin Turawa laifin bai kai na kisa ba saboda tunzura mai laifin aka yi. Wannan hukunci ya tayar da ƙura a tsakanin sarakuna da malamai. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba sun bayyana fargabarsu a gaban Kwamitin Willink, wanda ya zagaya ƙasar tsakanin 1957 da 1958, game da irin shari'ar da za a yi musu bayan tafiyar Turawa.

Gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana a 1958 a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan da wasu dattawan Arewa. Shawarar kwamitin ce ta haifar da kundin hukunta laifuffuka da jama'a ke kira Final Kod, wanda aka tsara bisa samfurin na Sudan, ya kuma fara aiki a 1960. An tanadi cewa kowace kotu a Arewa, ta alƙali ko ta majistare, da wannan kundi za ta riƙa aiki a kan laifuffuka. Al'amuran aure da gado da wasiyya da makamantansu kuwa aka bar su a hannun shari'ar Musulunci, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya zama Babban Alƙalinta a 1962.

Rubuta doka abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da aiwatar da ita. Akwai ɗaruruwan alƙalai da ma'aikatan kotu da ba su taɓa aiki da rubutaccen kundi irin wannan ba, sai da aka riƙa kai su Makarantar Koyon Mulki ta Zariya ana horar da su. A irin wannan yanayi, lauyan gwamnati wanda ya san dokar Ingila daga tushenta, kuma ya tashi a gidan mufti, ya san yadda alƙali ke tunani da abin da ke sa shi ƙyamar sabon tsari, mutum ne da gwamnati ba za ta iya wasa da shi ba. 'Yan Arewa masu wannan siffa a lokacin ba su kai a ƙirga da yatsun hannu biyu ba.

Daga majistare zuwa Babbar Kotu

Bayan samun 'yancin kai, a 1961, aka mayar da shi ɓangaren alƙalanci a matsayin majistare. A farkon shekarun 1960 ɗin ne kuma ya samu damar ƙaro ilimi a sashen koyon shari'a na Jami'ar Harvard da ke Amurka, inda ya ga yadda kotu ke aiki a ƙasar da ke da rubutaccen tsarin mulki na tarayya, ilimin da ya yi masa rana bayan shekaru, lokacin da Najeriya ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko.

A 1964 aka naɗa shi Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Jihar Arewa. Mai wannan kujera shi ke duba binciken 'yan sanda a manyan laifuffuka, ya yanke shawarar wanda za a gurfanar da wanda hujja ba ta kama ba. Shekarar ba mai sauƙi ba ce: an yi tarzoma a ƙasar Tibi, ga babban zaɓen tarayya mai cike da rigima, ga 'yan adawa, musamman magoya bayan NEPU, suna kukan cewa ana amfani da 'yan doka da kotunan En'e wajen musguna musu. Ofishin da ya riƙe yana tsakiyar wannan guguwa.

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa, ya rushe gwamnatin da ta tura shi karatu. A wannan shekara ce aka naɗa shi alƙalin Babbar Kotu, a lokacin da har yanzu Bature ne ke riƙe da kujerar Babban Jojin Arewa. Ya yi kusan shekara tara a wannan mataki. A cikinsu aka raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, aka yi yaƙin basasa, aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin kulawar Babbar Kotu, aka kuma soke kotunan sarakuna. Tsarin da mahaifinsa ya yi wa hidima ya shuɗe a gaban idonsa, shi kuma yana cikin alƙalan da aka ɗora wa nauyin kula da wanda ya maye gurbinsa.

Kotun Ƙoli da shari'u biyu

A 1975 Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki, ya yi tankaɗe da rairaya a aikin gwamnati wanda bai bar ɓangaren shari'a ba. Alƙalin Alƙalai Taslim Elias ya bar kujerarsa, aka naɗa Sir Darnley Alexander. A wannan shekara ce aka ɗaga Muhammadu Bello zuwa Kotun Ƙoli, wadda ke Legas a lokacin, yana da shekara 45. Tun 1963, lokacin da aka daina kai ƙara Ingila, wannan kotu ce maganarta ke zama ta ƙarshe. Ya zauna a cikinta shekara 20.

Shari'u biyu daga wancan zamani sun isa su nuna irin alƙalin da yake.

Ta farko ita ce ta Cif Obafemi Awolowo da Alhaji Shehu Shagari bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Agustan 1979. Doka ta ce wanda zai ci zaɓe sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin 100. Awolowo ya ce kashi biyu cikin uku na 19 jihohi 13 ne, domin ba a raba jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce jihohi 12 ne da kashi biyu cikin uku na jiha ta 13, kuma ƙuri'un Kano sun wadatar a wannan lissafi. A ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar soja su miƙa mulki, alƙalai bakwai suka yanke hukunci. Shida suka kori ƙarar Awolowo, Muhammadu Bello na cikinsu, Mai Shari'a Kayode Eso shi kaɗai ya saɓa. Aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Har yau lauyoyi na jayayya a kan wannan lissafi.

Ta biyu ita ce ta Sanata Abraham Adesanya a 1981, kuma a nan ne sunan Bello ya fi fitowa. Shugaba Shagari ya naɗa Mai Shari'a Ovie-Whiskey shugaban hukumar zaɓe ta FEDECO. Adesanya ya yi adawa da naɗin a Majalisar Dattawa, aka rinjaye shi, sai ya garzaya kotu yana cewa naɗin ya saɓa wa tsarin mulki. Kotun Ƙoli ta ce ba shi da hurumin shigar da ƙarar. A nasa hukuncin, Mai Shari'a Bello ya fassara sashe na 6 na tsarin mulkin 1979 da cewa kotu tana sauraron mutum ne idan haƙƙinsa ko wani nauyi da ke kansa ya taɓu, ko yana fuskantar barazanar taɓuwa. Sanatan da aka kayar a zauren majalisa bai rasa wani haƙƙi na kashin kansa ba.

Wannan fassara ta zama ma'aunin da ƙananan kotuna suka riƙa amfani da shi shekara da shekaru. Masu goyon bayanta suna ganin ta hana a mayar da kotu filin ci gaba da rigimar da aka gama a majalisa. Masu suka kuwa suna ganin ta rufe ƙofa ga ɗan ƙasa mai kishin hana hukuma keta doka, domin idan sai wanda abin ya shafa kai tsaye ne zai yi ƙara, to ɓarnar da ta shafi kowa da kowa babu mai ikon kai ta kotu.

A kan kujerar Alƙalin Alƙalai

A watan Maris na 1987 Mai Shari'a Ayo Irikefe ya yi ritaya, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta naɗa Muhammadu Bello a madadinsa. Kafin shi, mutum shida ne 'yan wannan kujera tun daga Sir Adetokunbo Ademola a 1958, babu ɗan Arewa a cikinsu. Kotun da ya gada cike take da gogaggun alƙalai irin su Kayode Eso da Andrews Obaseki da Chukwudifu Oputa da Augustine Nnamani da Adolphus Karibi-Whyte da Muhammadu Lawal Uwais, har lauyoyi da dama suna ɗaukar shekarun 1980 a matsayin lokacin da kotun ta fi kwarjini.

Bai cika shekara a kan kujerar ba sai ga wata shari'a da ta sake taɓo batun hurumi. An kashe ɗan jarida Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch, da bam da aka aika masa cikin ambulan ranar 19 ga Oktoban 1986. Lauyansa, Gani Fawehinmi, ya nemi ya gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu da kansa, amma ƙananan kotuna suka tare masa hanya. A watan Disambar 1987 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin jagorancin Bello, ta yanke cewa yana da hurumi, domin a sha'anin aikata laifi doka ta ba kowane ɗan ƙasa damar kai ƙara. Hukuncin bai ce jami'an sun aikata laifin ba, kuma har yau babu wanda kotu ta kama da wannan kisa. Amma kotu ta buɗe wa lauya mai zaman kansa ƙofar tuhumar jami'an gwamnatin soja mai ci, kuma alƙalin da ya taƙaita hurumi a 1981 yana cikin waɗanda suka faɗaɗa shi a 1987.

Duk da haka, iyakar ikon kotu a zamanin soja a bayyane take. Tun a 1970, lokacin da Kotun Ƙoli ta yi ƙoƙarin taka wa gwamnatin Janar Gowon birki a shari'ar Lakanmi, soja suka fitar da Doka ta 28 suka shafe hukuncin cikin 'yan makonni. Daga nan kowace gwamnatin soja ta riƙa dakatar da sassan tsarin mulki, tana saka wa dokokinta sharaɗin cewa babu kotun da ke da ikon bincikarsu. Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, kotunan musamman kuma suka karɓe manyan shari'u daga hannun kotunan da aka sani. Matsayin da Kotun Ƙoli ta tsaya a kai shi ne cewa dokar soja ta gwamnatin tarayya tana sama da abin da ya rage na tsarin mulki, amma za a karanta duk sharaɗin da ya cire hannun kotu da tsauri, kuma dole gwamnati ta bi ƙa'idar dokar da ita kanta ta rubuta. Masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam suna ganin wannan sassauci ne da ya yi yawa. Alƙalan kuwa darasin Lakanmi yana gabansu.

Wani aikin da ba a cika jayayya a kansa ba shi ne na horar da alƙalai. A zamaninsa ne aka kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da Doka ta 28 ta 1991, Alƙalin Alƙalai kuma shi ne shugaban hukumar gudanarwarta. Mutumin da ya ga yadda aka riƙa kai alƙalan Arewa Zariya domin koyon Final Kod ya san cewa alƙalin da ya daina karatu ranar da aka naɗa shi hatsari ne ga mai ƙara da wanda ake ƙara.

Shekaru uku masu wuya

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne a ƙarshe. Zaɓen 12 ga Yunin 1993, wanda Cif Moshood Abiola ke kan gaba a cikinsa, ya jefa kotuna cikin ruɗani. Kwana biyu kafin zaɓen wata Babbar Kotu a Abuja ta ba da umarnin dakatar da shi, bayan zaɓen kuma kotuna dabam-dabam suka riƙa fitar da umarni masu karo da juna a kan bayyana sakamako. Da gwamnati ta soke zaɓen ranar 23 ga Yuni, wannan ruɗani na cikin hujjojin da ta kafa. A ƙarshen watan Agusta Babangida ya sauka, Mai Shari'a Bello ya rantsar da Cif Ernest Shonekan a matsayin shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya. Ranar 10 ga Nuwamba wata Babbar Kotu a Legas ta ce gwamnatin haramtacciya ce, bayan mako guda kuma Janar Sani Abacha ya karɓi mulki.

A cikin wannan yanayi ne jaridar Weekend Concord, mallakar Abiola, ta buga labarin da ya zargi alƙalan Kotun Ƙoli da karɓar motoci ƙirar Marsandi daga gwamnatin Babangida. Alƙalan, har da shugabansu, suka ga an taɓa mutuncinsu, suka shigar da ƙarar ɓata suna a kan kamfanin jaridar. Sai ga shi a watan Yunin 1994 Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa, aka kama shi aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, batun belinsa kuma ya hau har zuwa Kotun Ƙoli. Lauyoyinsa suka ce alƙalan da ke ƙarar kamfanin mutum ba za su zauna su yi masa shari'a ba.

A 1995 kotun ta amince da wannan hujja, alƙalan da ke cikin ƙarar suka janye. Ta fuskar ƙa'ida, abin da ya dace ke nan, domin ba a yarda mutum ya zama alƙali a inda yake da ruwa da tsaki ba, ko da kuwa ya tabbata a ransa zai yi adalci. Sai dai waɗanda suka rage ba su kai adadin da zai saurari shari'ar ba, gwamnatin Abacha kuma ta ƙi naɗa sababbi. Haka Abiola ya ci gaba da zama a tsare har ya rasu ranar 7 ga Yulin 1998, ba a saurari ƙararsa ba. Masu nazarin tarihin kotun suna ganin shigar da ƙarar ɓata sunan tun farko shi ne kuskuren da ya ba gwamnati wannan dama, ko da yake ƙin cike guraben alƙalan laifin gwamnati ne ita kaɗai.

Wata guda kafin ritayarsa, ranar 10 ga Nuwamban 1995, aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas bisa hukuncin wata kotu ta musamman, wadda doka ba ta ba da damar ɗaukaka ƙara daga gare ta zuwa Kotun Ƙoli ba. Wannan ya nuna inda ikon Alƙalin Alƙalai ya tsaya a lokacin.

Ritaya da abin da ya bari

A watan Disambar 1995, da ya cika shekara 65, wadda ita ce iyakar shekarun aikin alƙalin Kotun Ƙoli a lokacin, ya sauka, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya gaje shi. Ƙasa ta karrama shi da lambar girma ta GCON. Ya rayu kusan shekara tara bayan ritaya, ya ga dawowar mulkin farar hula a 1999 da tsarin mulkin da ya kafa Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a domin rage hannun gwamnati wajen naɗa alƙalai da ladabtar da su.

Ƙofar da ya fara shiga ba ta sake rufuwa ba. Bayan Uwais, 'yan Arewa irin su Salihu Modibbo Alfa Belgore da Idris Legbo Kutigi da Dahiru Musdapher da Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko a 2012, duk sun zauna a wannan kujera. Muhawarar hurumin da ya buɗe a 1981 ita ma ta ci gaba, har a 2009 Mai Shari'a Kutigi ya fitar da sababbin ƙa'idojin shari'un haƙƙin ɗan Adam, waɗanda suka hana kotu korar irin waɗannan ƙararraki don kawai abin bai shafi mai ƙara kai tsaye ba.

Waɗanda ke yabonsa suna cewa ya riƙe Kotun Ƙoli a tsaye cikin shekara takwas da watanni na mulkin da zai iya rushe ta da takarda ɗaya, ya kuma miƙa ta ga magajinsa tana da sauran mutunci. Waɗanda ke sukarsa suna cewa akwai lokutan da ƙasa ta buƙaci jin murya mai ƙarfi daga wannan kujera, amma ba ta ji ba. Kowane ɓangare yana da hujja a cikin abubuwan da aka zayyana a sama. Abin da duka biyun suka yarda da shi shi ne cewa ya shiga aikin gwamnati yana saurayi, lokacin da Arewa ke neman lauya ido rufe, bai kuma bar shi ba sai ranar da doka ta ce ya sauka.

Allah Ya jiƙan Mai Shari'a Muhammadu Bello, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.